NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, MALAMAR DA TA HORAR DA MALAMAI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, sau da yawa in an yi maka zancen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke faɗo maka a rai shi ne doki da takobi da tuta. To, ka sani akwai wani ɓangaren na wannan aiki wanda da allo da tawada aka yi shi, kuma shi ne ya fi daɗewa. A cikin waɗanda suka tsaya a kansa akwai wata baiwar Allah, 'yar Shehu ta cikinsa, Nana Asma'u, Allah Ya jiƙan ta. Ga tarihinta a taƙaice, domin ka ga yadda mutum ɗaya ya ke kai karatu garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba.

HAIHUWARTA DA KARATUNTA

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel cikin shekarar 1793. 'Yan tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Ta tashi a gidan da maza da mata duk karatu su ke yi, domin Shehu bai yarda a bar mace cikin duhu ba. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da su ke tara almajirai a zaure suna karantar da su, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san farillan alwala da salla ba. Abin da ya faɗa a littafi kuwa shi ya fara aikatawa a gidansa.

Hanyar koyon karatu ta makarantun allo, wadda aka sani a ƙasar nan tun da daɗewa, hawa-hawa ce. Da farko yaro ya riƙe gajerun surori da ka. Sa'an nan a shiga babbaƙu, watau ya san kowane baƙi da sunansa da siffarsa. In ya ƙware, a shiga farfaru, ya san wasalin bisa da na ƙasa da rufu'a da ɗauri. Daga nan sai hajjatu, ya riƙa haɗa baƙi da wasali yana fitar da kalma da kansa, har ya kai ga rubuta allonsa da hannunsa. Malamin kirki ba ya ɗora yaro a mataki na gaba sai na baya ya zauna. Ka riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Nana ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da hadisi da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma duk ta yi rubutu da su, tana kuma jin Buzanci.

Kada ka zaci cikin hutu aka yi wannan karatu. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin 1804. Ta ga Tabkin Kwatto, ta ga asarar da aka yi a Tsuntsuwa inda malamai da mahaddata da yawa suka yi shahada, ta sha yunwa da ƙaura tare da jama'a har aka ci Alƙalawa a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817. Bayan rasuwarsa, ita da mijinta suna cikin waɗanda suka ɗauki wahalar tattara rubuce-rubucensa da adana su.

MATSALAR DA TA TARAR

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi a gefen gulbin Rima, ya mai da ita wurin zamansa, a can kuma ya rasu cikin 1837 aka rufe shi. Tun da Waziri ba ya nisa da Sarkin Musulmi, Nana ta san Wurno kamar yadda ta san Sakkwato. In ka bi gulbin nan ka yi gabas maso arewa ta wajen Goronyo, ka nufi tsohuwar ƙasar Gobir ke nan. Bayan yaƙe-yaƙen da aka yi, musamman na Gawakuke a 1836, mutane masu yawa sun shigo ƙarƙashin daular, da yawansu mata ne, Hausa kaɗai su ke ji, kuma ba su san addini ba sai suna. In yaro ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta yi gardama, wurin 'yan bori su ke zuwa, domin a Gobir bori yana da shugabarsa, Inna, wadda ta ke daga gidan sarauta.

To, ka duba wannan al'amari. Littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello mafi yawansu da Larabci su ke. Waƙoƙin wa'azin Shehu kuwa galibi da Fulatanci. Macen ƙauye tana da miji da 'ya'ya da daka da surfe, ba za ta bar ɗakinta ta zo birni karatu ba, namiji baƙo kuma ba zai shiga gidanta ya karantar da ita ba. Takobi ya ci ƙasa, amma ba zai koya wa kowa Fatiha ba. Wane ne zai kai mata ilimi, kuma da wane harshe?

ABIN KARANTARWA

Abu na farko da Nana ta yi shi ne ta shirya abin da za a karantar. Ta riƙa tsara darussa cikin waƙa da ajami, domin waƙa tana da sauƙin riƙewa, mace tana kaɗi ko niƙa tana maimaitawa. Ta tsara wata gajeriyar waƙa wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, da Fulatanci a 1829, daga baya ta mai da ita Hausa, har ma da Larabci. Ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi Godaben Gaskiya a kan salla da azumi da zakka da hajji da sakamakon lahira. Da Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata na farko, ita ce ta ɗauki abin da ke ciki ta tsara shi da Fulatanci da Hausa, domin mata su sami abin koyi daga 'yan'uwansu mata. Ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, domin wanda aka hana shi zuwa gidan bori lalle ne a nuna masa inda zai je. Abin da aka tattara na rubuce-rubucenta ya kai wajen 60.

Ka lura ba ta ce sai mace ta iya Larabci za a fara da ita ba. Da harshen da ɗaliba ta sha a nono aka fara.

JAJI DA 'YAN TARU

Abu na biyu, kuma shi ne babba, ta horar da waɗanda za su karantar. Wajen shekarar 1840 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane gari a kan sami mace dattijuwa, mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita. Ita ce a ke kira jaji, sunan da fatake su ke kiran mai jan ayari. Nana da kanta ta ke naɗa ta, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a naɗe a kai. Malfar nan a da alama ce ta Inna da manyan bori. Nana ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai karantarwa, domin duk wanda ya hango ta ya san yanzu ga inda girma ya koma.

Jaji ta kan taso da ayarinta a ƙasa, galibi da rani bayan an gama aikin gona. 'Yan ayarin su ne tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan matan da ba su isa aure ba. Matan aure masu goyo suna gida, ba a raba su da mazajensu da 'ya'yansu ba. In sun iso, Nana ta zauna da su, ta biya musu darasi, ta warware musu ma'ana, ta amsa tambayoyinsu na tsarki da aure da zaman gida, su maimaita har ya zauna. Sa'an nan su koma, jaji ta bi gida gida tana biya wa waɗanda ba su zo ba. Wata shekara su sake dawowa a ƙara musu. Mafi yawan matan ƙauye da ka su ke riƙe darasin, amma tushensa a rubuce ya ke, ana kwafarsa da ajami, saboda haka ba a bar shi ya gurɓace a bakin mutane ba. Abin da su ke kawowa na sadaka kuwa, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, a kan raba wa mabukata ne.

Ka ga hikimar? Da Nana ta ce sai ita kaɗai za ta karantar, da iliminta ya tsaya iyakar ɗakinta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ta zaɓi malama daga cikin mutanen gari, ta koya mata abin da za ta faɗa da yadda za ta faɗe shi, ta girmama ta a idon jama'a, kuma ba ta sallame ta gaba ɗaya ba, tana dawowa ana gyara mata. Har marsiyya ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u da ta rasu, kamar yadda ta yi wa manyan daula.

RASUWARTA

Nana ta ga zamanin Bello, da na Atiku, da na Aliyu Babba wanda ya zauna a Wurno daga 1842 zuwa 1859, ta kuma ga ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a Wazirci. Ta rasu cikin 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da mutuwarta ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, ƙanenta Isa kuma ya ci gaba da mai da waƙoƙinta Hausa. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, amma jajoji ba su daina tafiya ba. Takardunta sun tsira a gidan jikokinta a Giɗaɗawa, a hannun Waziri Junaidu, daga nan ne aka tattara su aka buga a littafi guda cikin 1997.

DARASI GARE KA

Wannan ƙasa tamu ta sake gwada irin wannan aiki. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma jinin Muhammadu Bello, aikin malanta ya koya a Kwalejin Katsina, ya kuma karantar a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Rabah a 1934. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, inda a ke ɗaukar wanda ya iya karatu a gari, a yi masa gajeren kwas, ya koya wa manya. A 1976 aka buɗe ilimin furamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa, sai ga shi horarrun malamai sun yi kaɗan. Darasin dai ɗaya ne tun zamanin Nana: gina aji ba wuya, samar da wanda ya iya koyarwa shi ne aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa, ga abin da mu ke kiran ka gare shi.

Na ɗaya, ka sani iya karatu dabam, iya koyar da karatu dabam. Sau nawa ka ga yaro ya shekara uku a makaranta yana rera abin da ke kan allo, in ka nuna masa baƙi ɗaya ka ce mene ne wannan sai ya yi shiru? Laifin na wanda ya tsallake da shi mataki ne. Ka je wurin malamin da ya daɗe yana koyar da yara, ka zauna ka ga yadda ya ke yi. In Allah Ya ba ka hali ka shiga kwalejin horon malamai, kada ka raina ta.

Na biyu, ka bi tsari. Ko ajami ne ko boko, baƙi tukuna, sa'an nan wasali, sa'an nan gaɓa, sa'an nan kalma, sa'an nan jimla, kuma kowace rana ɗalibi ya rubuta abin da ya karanta. Ka fara da Hausa ko Fulatancin da ya ke ji. Ka gwada shi da kalmar da bai taɓa gani ba, a nan ne za ka san ko karatu ya ke yi ko hadda. Ka ajiye bulala, tsoro ba ya buɗe kai.

Na uku, ka fara da gidanku. Kana fita wa'azi ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, to ƙanwarka ta iya karanta sunanta? Matarka ta san abin da ke warware alwala? In ba su sani ba, zargin da Shehu ya yi wa malaman zamaninsa ya hau kanka. Ka koya musu, ko ka bar su su je Islamiyya, ka kuma ƙarfafa wadda ta fi fahimta ta koya wa maƙwabta, domin mace ita ke shiga inda kai ba ka shiga.

Na huɗu, kada ka bar aji a kanka kai kaɗai. Cikin kowane goma da ka koyar, ka ware ɗaya ka nuna masa yadda a ke koyarwa, ka sa shi a gaban aji kana kallo, ka gyara masa a keɓe. Ranar da tafiya ko ajali ya ɗauke ka, karatu ba zai tsaya ba.

Mutane da yawa suna son Nana Asma'u da baki, suna sa wa 'ya'yansu da makarantunsu sunanta. Wannan ba laifi, amma son gaskiya shi ne ka ɗauki aikin da ta bari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa ilimin da a ke amfani da shi yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Kai me ka tanada?

Allah Ya gafarta wa Nana Asma'u da mahaifinta da 'yan'uwanta da jajojinta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi, Ya tsare mu daga ɓoye shi, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.