Waiwaye: Maryam Babangida da cutar da ta yi ajalinta

A filinmu na yau mun waiwayi rayuwar marigayiya Hajiya Maryam Babangida, uwargidan tsohon shugaban mulkin sojan Nijeriya, Janar Ibrahim Badamasi Babangida.

An haife ta ranar 1 ga Nuwamba, 1948 a garin Asaba, ta yi karatu a Kaduna, ta auri Babangida a 1969, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Bayan maigidanta ya hau mulki a 1985, ta ƙi zaman fada kawai. A 1987 ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya haɗa mata cikin ƙungiyoyin gama-kai, ya koya musu sana'o'i da karatun yaƙi da jahilci. A 1991 aka ba ta lambar yabo ta yaƙi da yunwa a Afirka, ita da Wangari Maathai ta Kenya.

Ta rasu ranar 27 ga Disamba, 2009 a wani asibiti a Los Angeles ta Amurka, tana da shekara 61, sakamakon cutar daji ta ƙwan mahaifa, aka yi jana'izarta a Minna. Abin mamaki, ita ma Maathai wannan cuta ce ta yi ajalinta a 2011.

Mugun halin cutar shi ne ɓuya. Alamunta su ne kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari, abubuwan da mukan ɗauka ɓacin ciki ne kawai. Shi ya sa galibi ba a gano ta sai ta bazu cikin ciki, wato mataki na 3, ko ta kai hanta ko huhu, mataki na 4. Likitoci kan yi hoton ciki da gwajin jini na CA-125, sannan su yi tiyata su cire duk ƙarin da za su iya, su bi da ƙarin ruwan magungunan carboplatin da paclitaxel, galibi sau shida, mako uku-uku. Wani lokaci akan fara da maganin kafin tiyata. Cutar takan dawo, amma magani na ƙara kwana da sauƙi, kuma tun 2014 aka samu olaparib, mai taimakon masu irin ta gado.

Matan karkara su ne Maryam ta yi wa hidima, don haka a gare su muke kira, har da iyayenmu da ke tsallaken iyaka a Madawa, Buza da Keita. Kumburin cikin da ya ɗauki makonni, musamman ga wadda ta daina al'ada, kada a bar shi ga jiƙo. A je likita, in ta kama a nemi takardar zuwa Tawa ko cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai. Maza kuma su bayar da izini da kuɗin mota.

Allah ya jiƙanta, amin.