Jan Ingenhousz: Likitan Da Ya Gano Aikin Hasken Rana A Jikin Ganye

Duk wanda ya zauna ajin sakandare a ƙasar nan ya haddace kalmar fotosintesis, wato yadda koren ganye ke amfani da hasken rana ya haɗa abinci daga ruwa da iskar kabon, sa'annan ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Ni ma na haddace ta, na kuma amayar da ita a takardar jarrabawa, ba tare da wani ya taɓa gaya mini wanda ya gano al'amarin ba, balle yadda aka yi ya gano shi. Sai da na girma na ci karo da tarihin mutumin, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jan Ingenhousz. Shi nake son in gabatar wa mai karatu a yau, domin ina ganin akwai darasi a rayuwarsa gare mu malamai, da kuma iyayen da ke biyan kuɗin makaranta.

An haife shi ranar 8 ga Disamba, 1730 a garin Breda. Ya karanta likitanci a Jami'ar Leuven da ke ƙasar Beljiyam ta yau, inda ya kammala a 1753, daga baya ya koma garinsu yana duba marasa lafiya. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1764 ne ya tafi Ingila bisa gayyatar John Pringle, wani babban likita abokin gidansu. A can ya koyi riga-kafin agana irin na wancan zamani, wanda ake ɗebo ɗan ruwan ƙurjin mai cutar, a yi wa mai lafiya ƙaramar tsaga a shafa masa. Aiki ne mai haɗari, amma ya ƙware a kai har ya yi wa ɗaruruwan mutanen karkara.

A 1768 Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda agana ta kashe mata 'ya'ya, ita ma ta sha da ƙyar, ta nemi wanda zai yi wa iyalinta riga-kafi. Ingenhousz aka tura. Allah Ya ba shi sa'a yaran suka tsira, aka naɗa shi likitan fada, aka yanka masa albashi na tsawon rayuwa. Da wani ne, da ya miƙe ƙafa a birnin Biyana ya ci gaba da cin arziki. Shi kuwa sai ya mayar da wannan wadata jarin bincike.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani gwaji da masanin nan na Ingila, Joseph Priestley, ya yi a 1771. Priestley ya lura cewa idan aka kifa tulun gilashi a kan kyandir sai ya mutu, haka ma ɓera idan aka rufe shi a ciki. Amma idan aka sa reshen na'a-na'a a tulun aka bar shi kwanaki, sai iskar ta gyaru, kyandir ya sake kamawa. Matsalar ita ce da aka maimaita gwajin, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi, kuma ba a san dalili ba.

A lokacin zafi na shekarar 1779 Ingenhousz ya keɓe kansa a wani gida da ke bayan birnin Landan, ya yi gwaje-gwaje kusan 500 cikin 'yan watanni. Kayan aikinsa ba su wuce tulunan gilashi da ruwa da ganye ba. Yakan nutsar da ganye cikin ruwa ya ajiye a rana, sai ya ga 'yan kumfa suna fitowa daga jikinsa. Ya kai inuwa, kumfar ta ragu. Ya kai duhu, ta tsaya. Ya tara iskar ya auna, ya tarar ita ce mai kyau, wadda wuta ke ci a cikinta. Ya tabbatar cewa haske ne ke yin aikin, ba ɗumin rana ba, kuma koren sashen tsiro ne kaɗai ke yi, ban da saiwa da fure da 'ya'ya. Har ila yau ya gano cewa da dare tsiro na fitar da gurɓatacciyar iska kamar yadda dabba ke yi, sai dai alherin da yake yi da rana ya rinjayi ɓarnar dare nesa ba kusa ba. A wannan shekarar ya buga sakamakon a littafi. A 1796 kuma ya rubuta cewa daga iska tsiro ke samun kabon da yake gina jikinsa da shi.

Binciken bai jawo masa kwanciyar hankali ba. Jayayya ta ɓarke tsakaninsa da Priestley a kan wanda ya riga gano tasirin haske, kuma da yake Priestley ya fi shi suna, sai sunan Ingenhousz ya dusashe. Ya rasu ranar 7 ga Satumba, 1799 a gidan Bowood da ke kusa da garin Calne a Ingila. Ikon Allah, a wannan gida ne Priestley ya ware iskar oksijin a 1774.

Waɗanda suka biyo bayansa sun cike giɓin da ya bari. A 1804 aka nuna cewa ruwa na cikin abin da tsiro ke sarrafawa, a 1941 kuma aka tabbatar cewa daga ruwan ne oksijin ke fitowa. Ita ma gansakuka, wadda Priestley ya gani a tulunansa ya kasa gane ko mece ce da farko, ashe aikin ganye take yi. 'Yan uwanta ƙanana da ke yawo a teku, waɗanda ido ba ya gani, su ke samar da kusan rabin oksijin da ake sabuntawa a duniya, kuma su ne tushen abincin kifi. Buhun geron da manomi ke ɗaurawa, mafi yawan nauyinsa daga iska da ruwa ya fito. Ƙasa da taki ɗan gishiri kawai suka bayar. Gawayin da muke hurawa kuwa kabon ne da itace ya yi shekaru yana tarawa, mu kuma mu mayar da shi sama a dare ɗaya.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Ingenhousz bai taɓa jin kalmar fotosintesis ba, domin sai a 1893 wani masanin tsirrai na Amurka ya ƙirƙiro ta, kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa. Sanin abin ne ya riga sunansa zuwa. Mu kuwa mun juya lamarin: muna ba yaro suna cikin harshen da bai gama ji ba, mu hana shi ganin abin, sa'annan mu kafa hujja da rashin ɗakin gwaji. Lallai makarantunmu na buƙatar kayan aiki, kuma haƙƙi ne a kan hukuma ta samar. To amma wannan gwaji dai kwalba yake buƙata da ruwa da ɗanyen ganye da rana, ita kuwa rana ba a fi mu ita ba. Malamin da ya fitar da ɗalibansa tsakar makaranta, ya bar su suka ƙirga kumfa a rana da inuwa, ya kuma yi musu bayani da Hausa, ya ba su abin da hadda ba za ta ba su ba. Yaron da ya ga ganye na numfashi da idonsa, zai yi wuya ya girma yana kallon bishiya a matsayin itacen girki kawai.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.