Duchenne: Likitan da ya riƙa zagaya asibitocin Paris da akwatin lantarki

Idan ciwon baya ya fara sauka ƙafa, ko na wuya ya gangaro hannu, likitoci kan soka siririyar allura a tsoka su saurari lantarkin cikinta, domin gano tushen jijiyar da ya matse a ƙashin baya. Gwajin EMG ke nan. Allurar ta zo ne a 1929, amma bin tsoka ɗaya bayan ɗaya da lantarki ya samo asali daga wani Bafaranshe, Guillaume Duchenne.

An haife shi a 1806 a Boulogne, garin masunta a arewacin Faransa. Ya kammala karatun likita a Paris a 1831, ya koma gida ya yi aure. Matar ta rasu bayan haihuwa, kuma rasuwar ta raba shi da ɗansa shekaru da dama.

A 1842 ya koma Paris. Babu asibitin da ya ba shi muƙami, sai ya riƙa bin ɗakunan marasa lafiya da akwatinsa, manyan likitoci na masa kallon mai taɓin hankali.

Dabararsa ita ce ɗora jiƙaƙƙun kawunan waya a kan fata, ba tare da yanka ba, ya sa tsoka guda ta motsa ita kaɗai. Da haka yake bambance wadda ta shanye da mai lafiya. Ya tattara sakamakon a littafinsa na 1855.

Wannan bibiyar ce ta kai shi ga jariran da hannunsu ke shanyewa bayan doguwar naƙuda, abin da ya bayyana a 1872. Bayan shekara biyu Bajamushe Wilhelm Erb ya danganta irin wannan shanyewar da tushen jijiya na biyar da na shida a wuya, shi ya sa larurar ke ɗauke da sunansu su biyu. Akwai kuma cutar lalacewar tsoka ta yara maza, wadda ita ce ta fi yaɗa sunansa.

Jean-Martin Charcot, babban likitan jijiyoyi na zamanin, ya ɗauke shi a matsayin malaminsa.

Ɗan nasa, wanda suka shirya daga baya, ya riga shi rasuwa. Shi kuma bugun jini ya kashe shi a Paris a watan Satumban 1875.