Fuḍailu ɗan Iyāḍ: Ɗan Fashin da Ya Zama Malamin Harami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, za mu kawo muku tarihin wani bawan Allah domin mu san cewa ƙofar tuba a buɗe take ga kowane mai saɓo.

An haifi Fuḍailu a Samarkanda, ya girma a Abiwarda cikin ƙasar Khurasan. A ƙuruciyarsa ɗan fashi ne, yana tare ayari tsakanin Abiwarda da Sarakhsa, har fatake suka riƙa tsoron sunansa. Wani dare yana haurawa katanga domin saduwa da wata mace, sai ya ji ana karanta aya ta 16 ta Suratul Hadid, wadda ke kiran muminai su ƙasƙantar da zukatansu ga ambaton Allah. Nan take ya sauko. Ya fake a wani kango, ya tarar da matafiya suna shawarar kwana a nan, don tsoron kada Fuḍailu ya tare su. Kunya ta kama shi, ya tuba, ya ƙudurta zai ƙare rayuwarsa a maƙwabtaka da Ɗakin Allah.

Ya tafi Kufa ya karanci hadisi wajen Mansur ɗan Mu'utamir da A'amash, sannan ya zauna a Makka. Imamu Shafi'i da Abdullahi ɗan Mubarak suna cikin waɗanda suka ɗauki ilmi a wurinsa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito hadisansa. Halifa Haruna Rashid ya ziyarce shi, ya yi masa wa'azi har halifa ya yi kuka, ya kuma ƙi karɓar dinarin da aka ba shi. Ya rasu a Makka a watan Muharram na shekara ta 187 bayan Hijira, wato 803 Miladiyya.

To, mu da muke cika sahu a masallatan Dakoro, kada mu yanke ƙauna ga kanmu, kada kuma mu rufe ƙofa ga ɗan'uwan da ya dawo daga ɓarna. Sai dai mu tuna sharuɗɗan tuba: barin saɓon, nadama, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin mutane ga masu shi.

Allah Ya karɓi tubanmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.