Malam Aminu Kano da Ƙungiyar Malaman Arewa: Shekarun da Ya Yi a Ƙasar Sakkwato

Bisa al'adar wannan mujalla, kowace shekara mukan keɓe shafi domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatan da suka yi wa ƙasarmu hidima. Bana mun ɗauko baƙo ne, wato marigayi Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa. Mun san wasu daga cikin dattawanmu za su ce me ya haɗa mujallar mutanen Sakkwato da jagoran NEPU, alhali kowa ya san irin zaman doya da manja da aka yi tsakanin jam'iyyarsa da masu sarauta. Amsarmu ita ce, kafin Malam ya zama ɗan siyasa malamin makaranta ne kuma babban sakataren ƙungiyar malamai, kuma a Lardin Sakkwato ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa, yana riƙe da ragamar wannan ƙungiya.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agusta na 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun Alƙalin Kano, saboda haka a gidan ilimi da shari'a ya buɗe ido. Ya yi elemantare a Shahuci, ya yi Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A can ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa shirya taron muhawara inda ake baje al'amuran mulkin En'e a faifai, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. A 1946 ya sami tallafin ƙaro karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan.

Kafin mu ci gaba, ya kamata matasanmu su fahimci halin da malamin makaranta yake ciki a Arewa a lokacin. A Kudu, malamai sun kafa ƙungiyarsu ta NUT tun 1931, ƙarƙashin jagorancin Rabaran Ransome-Kuti. Turawa sun yi dokar rajistar ƙungiyoyin ƙwadago a 1938, kuma a 1945 ma'aikatan ƙasar nan, da Michael Imoudu a gaba, suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40 kan tsadar rayuwa gab da ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Amma malamin Arewa yana gefe. Mafi yawan malamanmu ma'aikatan En'e ne, daga baitulmali ake biyan su, kuma shugaban En'e shi ne sarki. Ke nan mai ba ka albashi shi ne kuma uban ƙasarka, wanda kake cire takalmi ka faɗi ka yi gaisuwa a gabansa. Ma'aikacin jirgin ƙasa a Ikko yana iya buga tebur a gaban Bature ya koma gida ya yi barci. Malamin elemantare a Gwadabawa ko Tambuwal kuwa, in ya ce albashinsa ya yi kaɗan, sai a ɗauka rashin tarbiyya ce, abin kuma ya iya shafar mahaifinsa da danginsa. Ga Razdan da Di'o da jami'in ilimi na lardi a bayan sarki, kowa na iya tura mai koke wurin wani.

Wannan ƙulli ne Malam Aminu da abokansa suka yi niyyar kwancewa. Tun suna Landan suka fara shawarar haɗa kan malamai, kuma a 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda aka fi sani da NTA, Malam Aminu ya zama babban sakatarenta. Masu tarihi suna lissafa ta a matsayin ƙungiyar ma'aikata ta farko da 'yan Arewa suka kafa da kansu wadda ta game yankin baki ɗaya. Cikin waɗanda suka tsaya mata akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shettima Ajiram daga Borno, da namu biyu: Malam Yahaya Gusau, wanda daga baya ya zama Shatiman Sakkwato, da Malam Shehu Shagari, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Sakkwato.

A duba waɗannan sunaye da kyau, domin a nan hikimar take. Ɓalewa mutum ne mai sanyi, mai auna magana kafin ya furta, Turawa na girmama shi. Malam Aminu kuwa wuta ne, ba ya ganin ba daidai ba ya yi shiru. Ba a jima ba siyasa ta raba su, wasu suka tafi NPC, shi ya tafi NEPU. Amma a kan maganar haƙƙin malami sun zauna inuwa ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya ya san ba a tura masu zafin kai kaɗai wurin sulhu, don za a rufe musu ƙofa. Ba a kuma tura masu kunya kaɗai, don za su sha shayi su dawo hannu rabbana. Ana buƙatar wanda hukuma ke jin nauyinsa da wanda take shakkar bakinsa, su tafi tare da magana ɗaya. A ganinmu, iya riƙe waɗannan mutane masu bambancin hali a ƙungiya guda ya fi kowane jawabi da Malam ya yi a shekarun nan wahala.

Abubuwan da ƙungiyar ta sa gaba ba boyayyu ba ne: kyautata albashi da sharuɗɗan aiki, rage tazarar da ke tsakanin abin da ake biyan malamin Kudu da na Arewa, da gyaran manhajar karatu. Akwai kuma wata tambaya mai sarƙaƙiya da ta taso tun farko, wato ko malaman makarantun mishan za su iya zama 'yan ƙungiya. Ba ƙaramar magana ba ce. Ƙungiyar da ta tsaya kan malaman En'e Musulmi kaɗai za ta zama rabin murya, kuma mai biyan albashi ba abin da yake so kamar ya tarar da ma'aikata kashi biyu. Kasancewar Z. Y. Dimka daga Filato cikin waɗanda aka fara tafiyar da su ya nuna inda aka fuskanta.

Ba a daɗe da kafa ƙungiyar ba aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Kwalejin Horon Malamai ta Maru, inda ya yi shekarar 1949 da mafi yawan 1950. Maru tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Tun 1996 tana cikin Jihar Zamfara, amma a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gadon mulki a 1938. Mutane da yawa sun fassara wannan canji da cewa nesanta shi aka yi daga manyan garuruwa domin ya yi sanyi. In haka ne nufin, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin an kai shi wurin da ake ƙera malaman gobe, aka damƙa masa su.

Mu tsaya mu yi tunanin abin da ake nufi da riƙe sakatariyar ƙungiyar da mambobinta suka bazu daga Sakkwato zuwa Yola, daga Ilori zuwa Maiduguri, alhali kana zaune a ƙaramin gari irin Maru. Babu wayar hannu, babu ofis mai ma'aikata. Hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta ƙare a Ƙauran Namoda, ba ta ƙaraso birnin Shehu ba. Wasiƙa ce komai. Shugabannin rassa kuwa ba ma'aikatan ƙungiya ba ne da za a ba su umarni. Malamai ne masu aji da darasi, masu iyali, kowanne a ƙarƙashin En'ensa, kuma kowace En'e da ƙarfin baitulmalinta. Abin da Kano za ta iya biya, Argungu ba za ta iya ba. Aikin sakatare shi ne ya tattara waɗannan koke-koke mabambanta ya mai da su buƙata ɗaya da za a iya ajiyewa gaban hukumar ilimi a Kaduna, ya kuma hana wani reshe karɓar ɗan abin da aka miƙa masa a ɓoye ya bar sauran a rana. Ɗan muhuti ya san cewa da'awa ba hujja ba ta cin shari'a, kuma wannan tarbiyya ta gida ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ba za mu ɓoye ba, zamansa a Maru bai rasa takun saƙa da hukumar En'e ta Sakkwato ba. Mutum ne da ba ya ɗaga wa hakimi ƙafa in ya ga an taɓa talaka. Sai dai a wannan zaman ne kuma ya himmatu wajen neman kyautata makarantun allo, aikin da babu Basakkwacen da zai ƙi shi. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aikin koyarwa. An riga an kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar, kuma a 1953 ya zama shugabanta.

Sauran tarihin sananne ne, ba sai mun tsawaita ba. Ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, sannan ta lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya jagoranci PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Ƙungiyar da ya yi wa sakatare kuwa ta rayu bayan ya bar ta, har 1972 lokacin da malaman Arewa suka haɗe da NUT.

Wanda ya lashe zaɓen 1979 shi ne tsohon abokin tafiyarsa a ƙungiyar malamai, Alhaji Shehu Shagari. Ikon Allah, sai ga malamin Midil ta Sakkwato ya koma ɗaya gefen tebur. A watan Mayu na 1981 Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta shiga yajin aiki tana neman Naira 300 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Aka zauna, aka ja aka saki, aka daidaita a kan Naira 125, Shagari ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta farko da ta game ƙasa. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, bayan gwamnatin PRP ta Jihar Kano ta riga ta yin haka a 1980.

An sauya tsarin En'e da ƙananan hukumomi a 1976, amma albashin malamin firamare ya ci gaba da rataya a wuyan kason ƙaramar hukuma, kamar yadda na kakansa ya rataya a baitulmali. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, kuma 'yan'uwanmu da ke cikin wannan ƙungiya tamu waɗanda suke riƙe da rassan NUT sun fi mu sanin irin zaman da ake sha kafin abin da aka sa wa hannu a Abuja ya iso aljihun malamin ƙauye.

Malam Aminu ya rasu a Kano ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen shekarar, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda aka mai da cibiyar nazari ta Mambayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Allah ya gafarta masa, da Sarkin Musulmi Abubakar, da Shatima Yahaya Gusau, da Turaki Shehu Shagari, da sauran malaman da suka koyar da iyayenmu, amin.