Baba Ramseyer da Iyalin da Allah Ya Ba Shi a Kumasi

Mu da muke zaune a Zangon Kumasi baƙi ne, ko kuwa 'ya'yan baƙi. Goro ne ya kawo kakannin waɗansunmu daga Kano da Katsina, waɗansu kuwa aikin soja ko ƙwadago. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarin wani baƙo mai bishara wanda ya riga mu shiga garin nan, ba kuwa da son ransa ba, gama a kame aka kawo shi. Sunansa Fritz Ramseyer.

An haife shi a Neuchâtel, cikin ƙasar Suwizalan, a 1840. Sana'arsa gini ce. A 1864 Mishan na Basel ya aiko shi wannan ƙasa, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, a 1866 kuma ya auri Rosa Bontems. Daga baya aka tura su Anum, gabas da kogin Volta, inda wani ɗan'uwa Bajamushe, Johannes Kühne, yake lura da cinikin auduga na mishan.

Ran 12 ga Yuni 1869 mayaƙan Asante a ƙarƙashin Adu Bofo suka auka wa Anum. Suka kama Ramseyer da matarsa da jaririnsu, wanda bai cika shekara ba, da Kühne, suka kora su da ƙafa zuwa yamma. Ba abincin da ya dace da jariri a hanya. Yaron ya yi ta ramewa a hannun uwarsa har ya rasu, aka binne shi a baƙuwar ƙasa tun ba su kai Kumasi ba. Iyayen da ke cikinmu waɗanda suka binne ɗa nesa da dangi ba su bukatar mu bayyana musu nauyin wannan.

Suna tsare a wani ƙauye sai aka kawo musu wani kamamme kuma, Bafaranshe ɗan kasuwa mai suna Bonnat, wanda aka kama a Ho. Shi ɗan Katolika ne, a kwanakin nan kuwa tsakanin Katolika da mutanen Basel ba a cika ga maciji ba. Amma yunwa ba ta tambayar ɗarika. Suka karɓe shi, tukunyarsu ta zama ɗaya. Sa'ad da aka matso da su kusa da Kumasi a 1870, suka zauna cikin 'yan bukkoki, suka sa wa wurin suna Ebenezer, wato dutsen taimako, sunan da ke cikin Littafin Sama'ila na Fari.

A nan ne Ubangiji ya aiko musu mutumin da muke so masu karatu su riƙe sunansa, John Owusu Ansa. Ɗan Sarkin Asante Osei Bonsu ne. An kai shi Ingila yana saurayi a 1836, ya yi karatu, ya komo ya yi aikin bishara tare da Metodis. Ku duba matsayinsa: waɗanda suka kama Turawan nan danginsa ne na jini, waɗanda aka kama kuwa 'yan'uwansa ne cikin Almasihu. Da ya so, da ya kau da kai, ba mai ganin laifinsa. Bai yi haka ba. Ya yi ta zuwa wurinsu, ya yi musu tafinta a gaban Sarki Kofi Karikari, ya koya musu al'adun fada domin kada su yi kuskuren da zai ci ransu. A ƙarshen 1870 aka yarda su koma tsohon gidan mishan na Metodis a cikin gari. Can suka tarar da Malam Watts, mai bisharar Metodis daga bakin teku, wanda shi ma an hana shi komawa gida shekara da shekaru. Ga Basuwise da matarsa, ga Bajamushe, ga Bafaranshe, ga ɗan sarki, ga mutanen bakin teku, duka a gida ɗaya suna sujada ran Lahadi.

Zaman nan ya ɗauki shekara huɗu da rabi tun daga ranar kamu. A lokacin bikin Adae sarki yakan ba su ɗan garin zinariya na cefane, da shi suke ciyar da dukan gidan. Kühne ya yi ta fama da ciwon ƙirji, sauran suka yi jinyarsa. Rosa ta haifi 'ya'ya biyu cikin tsaron nan. Ramseyer ya koyi Twi sosai, ya soma wa'azi a bakin hanya, ya tara yara kaɗan yana koya musu karatu. An yi ta ciniki a kan kuɗin fansarsu har aka sauko zuwa fam 1,000. A ƙarshen 1872 aka kai su Fomena, suna ganin gida ya yi kusa, sai shirin ya watse aka komo da su Kumasi. A ganinmu wannan ya fi kamun farko zafi, da kowa zaman kansa yake yi kuwa, da wuya a ce dukansu sun fita da hankalinsu. Sai a Janairu 1874, da rundunar Ingila ta Janar Wolseley ta matso, sarki ya sake su, Kühne da fari, sa'an nan sauran.

Mutum zai zaci wanda ya sha wannan ba zai ƙara waiwayar Asante ba. Ramseyer kuwa ya je gida, aka naɗa shi fasto, ya komo. Da ya ga ƙofar Kumasi a rufe take, a 1876 ya kafa tasha a Abetifi a kan duwatsun Kwahu, ya zauna can shekara 20 yana jira. A 1896, bayan da Turawa suka kama Sarki Prempeh na Fari, ya shigo Kumasi.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Ya daɗe yana roƙon Ingila ta ci ƙasar Asante, yana tsammani ta haka za a daina yanka mutane a jana'izar sarakuna, bishara kuma ta sami hanya. Asantawa da yawa suka ɗauke shi ɗan gaban goshin gwamnati, wannan kuwa ya jawo wa ekklesiya zargi na shekaru. Bishara ba ta bukatar bindiga ta share mata hanya.

Amma ga abin da shi da Rosa suka yi da gidansu. Da aka 'yantar da bayi, akwai yara da yawa, galibinsu daga arewa, waɗanda ba su san hanyar garinsu ba, ba su da kowa. Su biyun sun san yadda ake kora mutum da ƙafa daga gidansa. Suka karɓi yaran, suka ciyar da su, suka sa su makaranta, Rosa ta zama uwarsu ko da yake lafiyarta ta riga ta raunana.

A Maris 1900 Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta Asante, yaƙi ya tashi a ƙarƙashin Yaa Asantewaa ta Ejisu. Ran 25 ga Afrilu masu bishara suka gudu zuwa kagarar Turawa, aka ƙone gidan mishan. Nan labarin ya taɓa mu kai tsaye, gama mutanen Zango, fatake da matan sojojin Hausa da 'ya'yansu, su ma suka taru a gindin bangon kagarar, dubbai, tare da Kiristocin mishan da yaran Rosa. Abinci ya ƙare, yunwa da cuta suka yi ta ɗiban mutane kowace rana. Ran 23 ga Yuni gwamna ya fasa ya fita da yawancin sojoji da asuba, masu bishara suka bi, Rosa a raga ake ɗaukarta. Ɗan'uwa Weller ya rasu a hanya. Yara da yawa daga cikin waɗanda suka rena suka mutu ko suka ɓata. Sai ran 15 ga Yuli Kanar Willcocks ya iso ya ceci waɗanda aka bari a kagarar.

A ƙarshen 1901 Ramseyer ya sāke komowa, yana da shekara 61, ya tattara ragowar garken, ya soma gini daga toka. Bai yi aikin shi kaɗai ba. Fasto N. V. Asare da sauran malaman bishara 'yan ƙasa suna tare da shi, haka kuma ɗan danginsa Edmond Perregaux, wanda ya rasu a Kumasi a 1905. Rosa ta rasu a 1906. A 1907 aka gama majami'ar Adum, wadda daga baya aka sa wa sunansa, a 1908 kuma ya koma Suwizalan. Ya rasu a Neuchâtel ran 6 ga Agusta 1914, 'yan kwanaki bayan ɓarkewar Babban Yaƙi na Farko. Cikin yaƙin nan ne gwamnati ta fitar da masu bisharar Basel daga ƙasar, fastoci da dattawa 'yan ƙasa suka riƙe ekklesiya har 'yan'uwa daga Sikotilan suka iso.