Samuel Ajayi Crowther: Yaron da aka sayar, ya zama bishop

A shekarar 1821 mahara suka far wa garin Osogun a ƙasar Yarbawa, suka kama wani yaro mai suna Ajayi, aka sayar da shi. Sojojin ruwan Ingila ne suka tare jirgin bayin da ke ɗauke da shi a 1822, suka sauke shi a Freetown, inda aka yi masa baftisma a 1825.

Da ya yi zamansa a can, ba mai ganin laifinsa. Sai ya dawo da bishara ƙasar da aka sayar da shi. Da yake mutum ya fi jin saƙo da harshen da ya sha a nono, ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya kuma rubuta littattafan koyon harshen Ibo da Nufanci. Sarakunan Musulmi, irin su Masaba na Bida, cikin ladabi ya yi hulɗa da su.

An naɗa shi bishop a 1864, ɗan Afirka na farko a cocin Anglican. Da tsufa ya zo, wasu matasan Turawan mishan suka dakatar da mataimakansa, cin fuskar da dattijon bai cancanta ba. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891.